Ƙaramin Ƙarfi, Ingantaccen Aiki: Yadda Ake Gwada Manhaja Ba da Kuɗi Mai Yawa Ba



Yau a shirinmu na faɗakarwa kan fasahar zamani, zancenmu a kan manhaja yake. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa waya ko kwamfuta, ta bi, ta yi aiki. Da ita kake tura kuɗi. Da ita mai POS yake cire maka. Da ita makaranta take fitar da sakamakon yara. Yanzu haka matasanmu da dama, maza da mata, a Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, suna rubuta irin waɗannan manhajoji. Galibinsu mutum ɗaya ne ko biyu. Kwamfuta guda, data mai tsada, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa.

To, mai irin wannan ƙaramin ƙarfi zai iya fitar da aikin da za a dogara da shi? Ƙwarai zai iya. Ku riƙe wannan tun yanzu: ingancin manhaja a ɗabi'ar aiki yake, ba a girman aljihu ba. Zan sake faɗa. A ɗabi'ar aiki yake, ba a girman aljihu ba.

Shirin kashi biyar ne. Da farko labarai biyu. Sai inda ake fara gwaji. Sai gwaji a bakin iyaka. Sai yadda ake hana kuskure dawowa. Daga ƙarshe, ido na biyu da sakin aiki kaɗan-kaɗan. Ku gyara zama.

Ga kashi na farko: labarai biyu.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, a Kourou, cikin yankin Guyana na Faransa da ke Kudancin Amurka, Turawa suka harba sabon roka mai suna Ariane 5. An shafe kusan shekara goma ana aikinsa. An kashe biliyoyin daloli. Daƙiƙa 40 ko kusan haka da tashinsa, sai ya kauce hanya, ya tarwatse a sama, da taurarin ɗan'adam huɗu da yake ɗauke da su.

Me ya jawo? Manhajar da ke gaya wa rokan inda yake da inda ya dosa, daga tsohon roka aka ɗauko ta, wato Ariane 4. A can lafiya lau take aiki. Amma sabon ya fi tsohon gudu. Wani adadi mai alaƙa da gudun ya girma, ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Gurbin ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Kwamfutar ta tsaya. Ta ko-ta-kwana ma ta tsaya, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu. Kwamitin bincike ya gano ba a gwada wannan sashe da bayanan tafiyar sabon rokan ba. An ɗauka tunda ya yi aiki jiya, yau ma zai yi.

Kuɗi akwai. Ƙwararru akwai. Gwajin da ya dace ne aka tsallake.

Labari na biyu yana cikin aljihunka, mai sauraro. A shekara ta 2000, wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna SQLite. Aikinta ajiye bayanai cikin tsari, a kuma fito da su idan an nema. Yau tana cikin kowace wayar Android da kowace iPhone. Saƙonnin WhatsApp da ke wayarka, a cikinta suke kwance. Masu kula da ita kuwa ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba.

Ta yaya mutane ƙalilan suke riƙe abin da biliyoyin wayoyi suka dogara da shi? Da gwaji. A lissafin da suka fitar a 2023, rubutun manhajar kanta layi ne kusan 156,000. Rubutun da ke gwada ta kuwa ya ninka haka sau 590. Ku ji da kyau. Abin gwajin ya ninka abin da ake gwadawa sau 590.

Ba rana ɗaya suka kai nan ba. Da wayoyin Android suka fara yaɗuwa, rahotannin kuskure suka riƙa zuwar wa Hipp ba ƙaƙƙautawa. Sai ya ɗauko ƙa'idar da ake bi wajen gwada manhajar jiragen sama. Ƙa'idar ta ce duk inda manhaja take zaɓi tsakanin hanya biyu, dole a gwada kowace hanya. Ya bayyana cewa ya shafe kusan shekara guda a kan wannan aiki. A 2009 ya kammala, kuma bayan nan rahotannin suka ragu ƙwarai.

Ba na cewa ka ninka aikinka sau 590. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan mutane ba rundunar ma'aikata suka ɗauka ba. Haƙuri suka sa, da tsari. Su biyun kuma kana da su.

Mu shiga kashi na biyu: ina ake fara gwaji?

Kafin nan, mene ne gwaji? Mutane da yawa suna ɗauka gwaji shi ne ka buɗe manhajarka, ka danna nan ka danna can, ka ga tana tafiya, ka ce alhamdu lillahi. Wannan yabon kai ne. Tun 1979 wani masani, Glenford Myers, ya bayyana a littafinsa na gwajin manhaja cewa manufar gwaji ita ce a nemo kuskure. Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ba shafa ta yake yi yana yabo ba. Ƙwanƙwasa ta yake yi, ya kasa kunne, yana neman amon tsaga. Haka za ka yi wa aikinka. Gwajin da ya tono kuskure shi ne ya yi nasara.

To, ba ka da lokacin gwada komai. Me za ka fara da shi? Mu ɗauka wata matashiya ta rubuta wa makarantar unguwarsu manhaja. Tana karɓar kuɗin makaranta, tana ajiye sunayen yara, tana fitar da sakamako, tana tura wa iyaye saƙo. 'Yar'uwa, ɗauki takarda da biro. Jera duk abin da manhajar take yi. A gaban kowanne, yi tambaya ɗaya: idan wannan ya lalace, wa zai cutu, kuma da me?

Idan launin madanni bai yi kyau ba, ba wanda zai kwana da yunwa. Idan aka ɗora wa uba bashin kuɗin da ya riga ya biya, an ci mutuncinsa a bakin ƙofar makaranta. Idan sakamakon zango guda ya goge, ba mai dawo da shi. Idan wani ya iya leƙa bayanan 'ya'yan mutane, an ci amana.

Don haka abu uku ne a sahun gaba: kuɗi, bayanan da ba a iya dawo da su, da sirrin mutane. Kuɗi, bayanai, sirri. A nan za ki zuba mafi yawan ƙarfinki. Sauran su biyo baya.

Yanzu ga kashi na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: gwaji a bakin iyaka.

Kuskure ba kasafai yake zama a tsakiya ba. A gefe yake laɓewa, inda wani abu ya ƙare wani ya fara. A manhajar makarantar nan, mu ce makin cin jarrabawa 40 ne. Kada ki gwada da 70 ki tashi. Gwada 39. Gwada 40. Gwada 41. Gwada sifili. Gwada 100, sannan 101. Bar gurbin babu komai, ki danna. Rubuta harafi a inda ake son lamba. Minti goma ya ishe ki, kuma ko sisi ba ki kashe ba.

Manyan kamfanoni ma iyaka tana kayar da su. Ranar 31 ga Disamba, 2008, wani samfurin na'urar sauraren kiɗa ta Microsoft, mai suna Zune, ya sandare a hannun masu shi a ko'ina. Dalili? Shekarar tana da kwana 366, domin Fabrairunta kwana 29 ne. Lissafin kwanan wata da ke cikin na'urar bai san yadda zai yi da rana ta 366 ba, sai ya yi ta zagaye a wuri ɗaya. Da an gwada ranar ƙarshe ta irin wannan shekara, da an kama kuskuren.

Mu ma muna da namu iyakokin, waɗanda wani a ƙasar waje ba zai tuna ya gwada mana su ba.

Na ɗaya, lambar waya. Ta Najeriya lamba 11 ce, da sifili take farawa. Idan ka ajiye ta a matsayin adadin lissafi, sifilin farko zai ɓace, saƙo ya ƙi zuwa. Ta Nijar kuwa lamba 8 ce. Idan mahaifin yaro daga Maraɗi ya zo da lambarsa, manhajarka za ta karɓa, ko za ta ce masa lambarsa ba daidai ba ce?

Na biyu, sunayenmu. Gwada Ɗanjuma da Ƙasimu, da haruffansu masu lanƙwasa. Duba ko sun fito daidai a takardar sakamako, ko sun koma alamar tambaya. Sannan gwada Sa'adatu, Mu'azu, Isma'ila. Wannan 'yar waƙafin da ke sama tana rikita manhajar da ba a rubuta da kula ba. Kuma ku ji wannan: idan sunan Mu'azu ya iya rikita rumbun bayananka, to ta wannan ƙofar ɓarawon intanet zai iya cusa nasa umarnin ya kwashi abin da ke ciki. Gwaji ɗaya, ka kare sunan mutum, ka kuma toshe ƙofar ɓarawo.

Na uku, wuta da sabis. A nan mu koma wajen masu SQLite mu ga yadda suke yi. Suna da gwajin da ke kwaikwayon ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayani. Su katse aikin a nan, su duba. Su sake katse shi a gaba kaɗan, su duba. Haka za su yi ta yi. Suna kwaikwayon cikar ma'ajiya da ƙarewar ƙwaƙwalwar na'ura su ma. Abin da suke nema ɗaya ne: ko dai aikin ya kammala gaba ɗaya, ko ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Babu rabi da rabi.

Wa bai san zafin rabi da rabi ba? An cire kuɗi a asusunka, can kuma bai shiga ba. Kana tsaye gaban mai shago, kai da shi kuna kallon waya.

Kai ma za ka iya irin gwajinsu da abin da ke hannunka. Fara biyan kuɗi a manhajarka, kana tsaka sai ka kashe data. Kunna, ka duba abin da ya faru. Danna madannin biya sau biyu da sauri, kamar yadda mutum yake yi idan sabis ya yi nauyi. An cire sau ɗaya ko sau biyu? Kashe wayar ana cikin ajiye maki. Aro tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi, wadda hotuna suka cika, ka gwada a kanta. Irinta ce a hannun mafi yawan masu amfani da aikinka, ba irin taka ba.

Mun zo kashi na huɗu: kuskuren da aka gyara, kada ya dawo.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwo. Ka gyara nan, can ya ɓalle. Ka gyara can, na watan jiya ya dawo. Maganinsa shi ne gwaji mai sarrafa kansa. Me ke nan? Wata 'yar ƙaramar manhaja ce da kake rubutawa don ta binciki babbar. Misali, ka rubuta mata: idan ɗalibi ya ci 39, sakamako ya nuna bai ci ba, idan ya ci 40, ya nuna ya ci. Sau ɗaya za ka rubuta. Daga nan duk lokacin da ka taɓa aikinka, kwamfuta za ta maimaita binciken cikin daƙiƙoƙi, ba gajiya, ba mantuwa.

Kayan aikin kyauta ne. Mai rubutu da Python yana da pytest. Mai Java yana da JUnit. Akwai kuma Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, mai ajiye tarihin kowane canji, ta yadda idan ka ɓata za ka iya komawa inda kake jiya. Duk ba a biyan ko kwabo.

Wani zai ce, Malam, ina na ga lokacin rubuta ɗaruruwan gwaje-gwaje? Ba wanda ya ce ka rubuta su yau. Ɗauki ƙa'idar masu SQLite: ba a ɗaukar kuskure an gyara shi sai an rubuta masa gwajinsa. Aka kawo maka ƙorafi, kada ka yi gaggawar gyara. Fara rubuta gwajin da zai nuna kuskuren. Ka ga ya faɗi. Sannan ka gyara. Ka ga ya wuce. Sai ka bar gwajin nan a wurin har abada. Kuskure ɗaya, gwaji ɗaya. Kuskure ɗaya, gwaji ɗaya. Kafin shekara ta zagayo, za ka tarar kana da tarin gwaje-gwaje, kuma kowanne yana tsaye daidai inda aikinka ya taɓa nuna rauni.

Gaskiya guda kuma: gwaji ba ya tabbatar da cewa kuskure ya ƙare. SQLite ma har gobe ana samun kuskure a cikinta. Abin da gwaji yake ba ka shi ne, wanda ka kama jiya ba zai dawo gobe ba ka sani ba.

Ga kashi na biyar, na ƙarshe: ido na biyu, da sakin aiki kaɗan-kaɗan.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya rubuta abu, abin da ya yi niyya yake gani, ba abin da ya rubuta ba. Ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin hada-hadar hannayen jari a Amurka, Knight Capital, ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kusan minti 45. An sa sabuwar manhaja a manyan kwamfutocinsa bakwai, aka manta ta takwas. Tsohon umarnin da ke cikinta ya farka, ya yi ta saye da sayarwa ba birki. Hukumar da ke kula da kasuwar ta gano ba a sa wani ma'aikaci na biyu ya duba aikin na farko ba.

Ba sai ka ɗauki ma'aikaci ba. Nemi aboki mai irin sana'arka. Sau ɗaya a mako ku yi musaya: ya karanta naka, ka karanta nasa. Kuma ka rubuta jerin matakan da kake bi kafin sakin aiki, ka liƙa a bango, ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ko da ka haddace su.

Akwai wani idon kuma, na mai amfani da manhajar. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna a shekara ta 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke hana mutane gane yadda ake amfani da manhaja. Mutum biyar kacal. Miƙa wa akawun makarantar wayar. Ka ce, Malam, don Allah shigar min da kuɗin yaro ɗaya. Sai ka kama bakinka. Kada ka nuna masa, kada ka taimaka. Kalli yatsansa. Inda ya tsaya yana juya wayar, a nan gyaranka yake.

Sai sakin aiki. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani sabuntawa mai kuskure ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna a ƙasashe da dama. Bayan abin ya faru, kamfanin ya ce zai riƙa sakin irin wannan mataki-mataki.

Kai fara da haka tun yau. Sannu ba ta hana zuwa. Sabon aiki, ba wa aji ɗaya tukuna. Kwana biyu lafiya, sai ka ƙara. Kafin ka saki, kwafi bayanan mutane ka ajiye a wani wuri dabam, kuma ka gwada dawo da su ka ga da idonka kwafin yana aiki. Ka san hanyar komawa tsohon idan sabon ya ƙi. Kuma kada ka saki canji ana gobe fitar da sakamako, ko ranar da ake rufe biyan kuɗi.

Kafin mu rufe, ina da magana da ku da ba ku rubuta manhaja. Hajiya, Alhaji, idan manhaja ta ba ku matsala, kalmar "ba ta yi" ba ta taimakon mai gyara. Ku gaya masa abu huɗu: me kuka danna, me kuka sa ran gani, me kuka gani, kuma wace irin waya ce. Ku ɗauki hoton fuskar wayar ku haɗa masa. Kun rage masa rabin wahala.

Ku kuma masu makarantu da shaguna da asibitoci da kuke ba matasa kwangilar manhaja, ku sa lokacin gwaji cikin yarjejeniya, ku biya shi. Ranar karɓar aiki ku ce a kashe data a gabanku ana tsakiyar biya, ku ga abin da zai faru.

Mu maimaita. Fara da inda cutarwa ta fi yawa: kuɗi, bayanai, sirri. Gwada a bakin iyaka. Kuskure ɗaya, gwaji ɗaya. Nemi ido na biyu. Saki kaɗan-kaɗan. Babu ɗaya a cikin biyar ɗin nan da ke bukatar jari.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa mai rubuta manhaja, kuɗin mutane da sirrinsu da ke bi ta cikin aikinka amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta. Kada ka jira sai ka yi kuɗi ko ka ɗauki ma'aikata. A makon nan zaɓi wuri ɗaya da ya fi hatsari a manhajarka, ka rubuta masa gwaji guda, ka kuma nemi abokin da zai karanta aikinka.